FASHIN BAƘI: Shin atisayen ido zai iya maye gurbin tabarau ga matasan da ba sa gani daga nesa?

A azuzuwan sakandare na Indabo da sauran mazaɓun Ƙaramar Hukumar Wudil, kamar yadda yake a ko'ina a Jihar Kano, ba a rasa ɗalibin da ke karanta ƙananan rubutun waya ba tare da wata wahala ba, amma idan aka zaunar da shi a bayan aji sai rubutun allo ya zame masa hazo. Yakan kanne ido, ya miƙa wuya gaba, daga ƙarshe ya kwafa daga littafin na kusa da shi. Malami na iya ɗaukar sa malalaci, iyaye kuma su ce wayar ce ta cinye masa ido. Abin da ke damun irin wannan ɗalibi shi ne larurar da likitoci ke kira mayofiya, wato ganin na kusa sarai da kasa ganin na nesa.

A 'yan shekarun nan bidiyoyi sun yawaita a TikTok da YouTube da WhatsApp waɗanda ke koyar da juya ƙwayar ido, da rufe ido da tafin hannu, da bin ɗan yatsa da kallo. Masu yin su na cewa wanda ya dage zai ajiye tabarau har abada, wasu kuma na ƙarawa da cewa atisayen yana gyara tsayuwar mutum da daidaiton jikinsa. Ga matashin da kuɗin gwaji da na tabarau suka fi ƙarfin aljihunsa, wannan magana ce mai daɗin ji. A cikinta akwai abin da bincike ya goyi baya, akwai kuma wanda ya ƙaryata, kuma bambance su na da muhimmanci ga duk wanda zai hau babur, ko ya zauna jarrabawa, ko ya nemi aikin ɗamara.

Yadda larurar take

Ido yana aiki ne ta hanyar tattara hasken da ya shigo ya sauke shi daidai kan wani tantani da ke can bayansa, wanda ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Tsawon ƙwayar idon babban mutum daga gaba zuwa baya bai wuce kimanin milimita 24 ba. A wajen mafi yawan masu mayofiya, ƙwayar idon ce ta yi tsawo fiye da kima lokacin girma, don haka hasken da ya taso daga nesa yake haɗuwa tun kafin ya kai ga tantanin. Ƙarin milimita ɗaya kacal ya isa ya jawo raunin da ya kai dayofta biyu da rabi zuwa uku, ma'aunin da ake rubuta ƙarfin tabarau da shi.

Lissafin mai sauƙi ne. Wanda aka rubuta wa -2.00 yana gani tangaran ne zuwa nisan rabin mita kawai. Mai -4.00 kuma iyakarsa santimita 25. Duk abin da ya wuce haka, ko fuskar mai tahowa ce ko lambar mota, yana dushewa gwargwadon nisansa. Larurar takan fara ne a shekarun firamare ko farkon sakandare, ta ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen shekara ashirin.

A 2016 Brien Holden da abokan aikinsa sun wallafa ƙiyasi a mujallar Ophthalmology cewa a shekarar 2000 kimanin mutum biliyan 1.4 ne ke da mayofiya a duniya, kuma zuwa 2050 adadin zai kusanci biliyan biyar, wato rabin bil'adama. A biranen gabashin Asiya lamarin ya riga ya kai maƙura: wani bincike da aka yi kan samari 'yan shekara 19 a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, ya samu larurar a jikin fiye da kashi 96 cikin 100. A Afirka adadin bai kai ko kusa ba, domin nazarin da aka tattara a 2022 kan yaran makaranta ya nuna kusan kashi 5 cikin 100. Sai dai abubuwan da suka hauhawar da ita a Asiya, wato tsawon lokaci a cikin ɗaki da yawan aikin kusa da ido, su ne ke shigowa rayuwar matasan Kano da sauri.

Alaƙar ido da tsayuwa

Mutum ba ya tsayuwa cak kamar turke. Ko da yana jin ya tsaya daram, jikinsa na ɗan rangaji gaba da baya, ƙwaƙwalwa kuma na gyara shi a kowane lokaci. Tana yin haka ne da labarin da take samu daga kafofi uku. Akwai na'urar da ke can cikin kunne mai gane motsin kai da karkatarsa. Akwai jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓoɓi da tsokoki masu sanar da inda jiki yake. Ta uku ita ce ido.

Tun a ƙarni na 19 likitan jijiyoyi ɗan Jamus, Moritz Romberg, ya lura cewa wasu marasa lafiya na iya tsayuwa idan idonsu na buɗe, amma da sun rufe sai su nemi faɗuwa. Har yau likitoci na amfani da wannan gwaji da sunansa. A 1974 David Lee da Eric Aronson sun nuna ƙarfin ido ta wata hanya mai ban mamaki a Edinbara ta ƙasar Sikotilan. Sun tsayar da yara masu koyon tafiya a cikin wani ɗaki da bangonsa ke motsi alhali ƙasan ba ta motsi. Da aka ɗan matsar da bangon, sai yaran suka riƙa tangaɗi, wasu har suka faɗi, duk da cewa babu abin da ya taɓa su. Ƙwaƙwalwarsu ta gaskata ido ta ƙaryata ƙafa.

Bayan shekara goma, a 1984, masu bincike a Jamus da suka haɗa da Thomas Brandt sun auna cewa rangajin jiki na ƙaruwa yayin da kaifin gani ke raguwa, haka kuma yayin da abin da ake kallo ke ƙara nisa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya, inda ake sanya wa masu lafiyar ido gilashin da ke dusar da gani da gangan, sun nuna abu makamancin haka, musamman idan an tsayar da mutum kan abu mai laushi da ke rikitar da saƙon ƙafa.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa matashi mai mayofiya ba ya yawan faɗuwa a kan siminti da rana tsaka: kunnensa da ƙafarsa lafiyayyu ne, gefen idonsa kuma na iya gane motsi ko da hoton ya dushe. Raunin yana fitowa ne inda sauran kafofin suka shiga matsi, kamar tafiya kan kunyar gona ko yashin bakin Kogin Wudil, ko tuƙa babur da almuru a titin Kano zuwa Maiduguri, inda dole a hango rami ko dabba tun daga nesa.

Miƙa wuya da sunkuyawa

Ɓangare na biyu shi ne yadda ake riƙe kai da wuya. Wanda iyakar ganinsa santimita 25 ce ba shi da zaɓi illa ya kai littafi kusa da fuska ko ya kai fuska kusa da littafi. Idan ya shafe shekaru yana haka, sunkuyawar na zame masa jiki. Kan babban mutum na da nauyin kimanin kilo biyar. A 2014 wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa da na'ura cewa idan aka sunkuyar da kai zuwa digiri 30, nauyin da wuya ke ɗauka na kai wa kimanin kilo 18, a digiri 60 kuma kimanin kilo 27. Lissafi ne na kwamfuta, ba awo a jikin mutane ba, amma ya isa ya nuna dalilin ciwon wuya da kafaɗa da ɗalibai ke kuka da shi lokacin jarrabawa.

Kan da ya zarce gaba yana kuma sauya inda nauyin jiki ya taru, tsokokin wuya kuwa na cikin masu kai wa ƙwaƙwalwa labarin matsayin kai. Ta nan ne rashin gani da yanayin zama da daidaito suke haɗuwa. Amma tushen sunkuyawar a nan shi ne dushewar gani. Muddin ba a gyara ganin ba, ko sau nawa aka ce wa yaro ya miƙe zaune, zai koma inda yake iya karatu.

Atisaye iri uku da ake cakuɗawa

Ruɗanin da ke cikin bidiyoyin ya samo asali ne daga haɗa abubuwa uku mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya.

Na farko shi ne atisayen da ke iƙirarin warkar da mayofiya. Ya samo asali daga wani likitan ido na birnin New York, William Bates, wanda ya wallafa littafinsa a 1920 yana cewa taurin tsokokin ido ne ke kawo matsalar, kuma sassauta su zai kawar da buƙatar tabarau. Masana ido sun yi watsi da wannan ra'ayi, domin babu motsin da ke gajarta ƙwayar idon da ta riga ta yi tsawo. Ƙasar Sin ta ba da darasi mafi girma a kan haka. Tun daga 1963 aka fara sanya 'yan makaranta yin tausar gefen ido a kullum, amma duk da haka ƙasar na cikin waɗanda suka fi yawan masu mayofiya a duniya. Abin da ke sa wasu jin kamar sun samu sauƙi shi ne hutun da tsokar cikin ido ke samu bayan dogon karatu, da kanne ido, da kuma sabawar ƙwaƙwalwa da hasashen haruffan da suka dushe. Idan aka auna tsawon idon, yana nan yadda yake.

Na biyu shi ne atisayen haɗa idanu biyu kan abu na kusa. Wasu mutane idanunsu ba sa iya karkatowa ciki tare yadda ya kamata idan suna karatu, sai rubutu ya rabu biyu, kai ya yi ciwo. Wannan larura daban ce da mayofiya, kuma a nan atisaye na aiki. Wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2008 kan yara 221 ya nuna cewa kimanin kashi 73 cikin 100 na waɗanda aka horar a asibiti sun warke ko sun samu ci gaba sosai, alhali a cikin waɗanda suka yi atisayen fensir a gida kashi 43 ne kawai.

Na uku shi ne wanda ya shafi daidaito kai-tsaye, wato atisayen tsayar da kallo. Akwai wata alaƙa tsakanin cikin kunne da tsokokin ido wadda ke sa idan kai ya juya dama, ido ya juya hagu daidai gwargwado, don kada duniya ta riƙa rawa a gaban mai tafiya. Ana iya horar da wannan alaƙa: mutum ya kafa ido kan harafi ɗaya a bango, ya riƙa juya kai gefe da gefe ba tare da harafin ya dushe ba. Tun a shekarun 1940 likitoci biyu a Landan, Terence Cawthorne da Frank Cooksey, suka tsara irin wannan horo domin masu fama da jiri bayan rauni a kai ko aikin kunne, kuma har yau sassan gashin jiki na asibitoci na amfani da shi. Wani ƙaramin bincike da mujallar Gait & Posture ta wallafa a 2011 ya nuna cewa matasa masu lafiya da suka yi irin wannan atisaye na mako uku sun samu ingantuwa a daidaiton tsayuwa da kuma gani yayin da kai ke motsi.

Ma'anar wannan ga matashi mai mayofiya ita ce atisayen na uku na iya ɗan kyautata yadda ido da kunne da wuya ke aiki tare, amma ba zai rage ko ɗigo ɗaya daga lambar tabaransa ba. Binciken da aka yi kan matasa ƙanana ne, na 'yan makonni, kuma sauyin da aka gani na awon na'ura ne. Hujja mai ƙarfi tana wajen masu ciwon cikin kunne. Horon ma yana buƙatar a ga harafin sarai, don haka mai mayofiya da tabaransa a fuska zai yi shi.

Abin da aka tabbatar yana aiki

Tabarau mai daidai lamba shi ne maganin farko kuma mafi araha. Maganar da ake yaɗawa cewa tabarau na ƙara lalata ido ba ta da tushe. Lambar na ƙaruwa ne saboda idon yaro na ci gaba da girma, ko ya sa ko bai sa ba. Gilashin mayofiya na ɗan ƙanƙantar da abin da ake kallo, shi ya sa wanda ya fara sa shi kan ji jiri ko ya ga ƙasa kamar ta karkace a kwanakin farko. Ƙwaƙwalwa na sabawa cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu. Idan jirin ya ƙi tafiya, a koma a sake duba lambar da zaman gilashin a fuska.

Domin kare yaran da ba su kamu ba tukuna, hujja mafi ƙarfi tana wajen hasken rana. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan firamare minti 40 na zama a waje kowace ranar makaranta. Sakamakon da mujallar JAMA ta wallafa a 2015 ya nuna cewa bayan shekara uku kashi 30.4 cikin 100 ne suka kamu, alhali a makarantun da ba a yi ƙarin ba kashi 39.5 ne. Taiwan ta mayar da wannan manufar gwamnati tun 2010, inda ake ƙarfafa makarantu su fitar da yara waje na minti 120 a kullum. Yaron Indabo da ke zuwa gona da kiwo da ƙwallon yamma yana da wannan kariya a kyauta. Haɗarin na ƙaruwa ne idan rayuwarsa ta koma daga aji zuwa ɗakin darasin yamma zuwa waya a cikin duhu.

Ga wanda ke dogon karatu, likitocin ido na ba da shawarar ɗaga kai bayan kowane minti 20 a kalli wani abu mai nisan mita shida na daƙiƙa 20. Wannan na rage gajiyar ido, kuma dama ce ta miƙe wuya.

Akwai kuma alamun da ba a jira da su. Mai mayofiya mai tsanani, daga -6.00 zuwa sama, ya fi sauran mutane haɗarin ɓallewar tantanin bayan ido da hawan jinin ido. Ganin walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa da suka bayyana farat ɗaya, ko wani abu kamar labule da ke rufe gefen gani, na buƙatar asibiti a ranar. Babbar illar bidiyoyin atisaye ita ce suna iya sa mutum ya zauna a gida yana juya ido a lokacin da ya kamata yana gaban likita.

Inda siyasa ta shigo

Wudil gari ne na ɗalibai. Nan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote take, wadda ta fara aiki a 2001 a matsayin jami'ar Jihar Kano, nan kuma Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda take. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Neman aikin ɗamara da lasisin tuƙi duka na tafiya da gwajin ido. Matashin da ba a taɓa auna ganinsa ba yana iya rasa gurbi saboda abin da gilashi biyu za su gyara.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa rashin tabarau ne babban dalilin raunin gani mai sauƙi da matsakaici a Najeriya, amma binciken ya mayar da hankali ne kan 'yan shekara 40 zuwa sama. Shirye-shiryen da suka biyo baya ma galibi can suka karkata. Aikin ido kyauta da 'yan siyasa da ƙungiyoyi ke ɗaukar nauyi ya fi ba da ƙarfi ga cire yanar ido da raba tabarau na karatu. Haka alkawarin tabarau miliyan biyar da Shugaba Bola Tinubu ya yi a 2023 ya fi karkata ga na karatu. Ayyuka ne masu amfani ga dattawa, sai dai tabarau na karatu kishiyar abin da mai mayofiya ke buƙata ne. Idan ya sa shi, nesa za ta ƙara dushe masa. Nasa sai an auna kowane ido daban, an yanka gilashi a kan lambarsa. Shi ya sa na kan tire a kasuwa ba ya biya masa buƙata.

Manyan cibiyoyin ido na jihar, irin su Asibitin Ido na ECWA da aka kafa a 1943, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, duk a cikin birnin Kano suke, kimanin kilomita 40 daga Wudil. Ga iyalin manomi a Indabo, kuɗin mota da asarar yinin aiki na hawa kan kuɗin tabarau. Wannan giɓin ne masu bidiyon atisaye da masu tallar maganin ido na cikin kwalba ke cikewa.

A 2021 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Najeriya, sun amince su ɗaga yawan masu samun tabarau da ya dace da su da maki 40 cikin 100 kafin 2030, kuma a 2024 hukumar ta ƙaddamar da shirin SPECS 2030 domin cimma hakan. A cikin gida, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, Jihar Kano kuma na da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA. A 2024 gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi.

Matakin farko ba ya buƙatar babban kasafi. Allon haruffan gwaji, da tazarar mita shida, da malami ɗaya da aka horar sun isa a tantance makaranta guda cikin 'yan kwanaki, a tura waɗanda suka gaza zuwa ga ƙwararre. Tambayoyin da matasan Indabo za su iya gabatar wa kansila, da shugaban ƙaramar hukuma, da ɗan majalisar da ke wakiltar Wudil a bayyane suke: ɗalibai nawa aka auna wa ido a mazaɓar a bara, wane ma'aikaci ne a asibitin matakin farko ke iya yin gwajin, kuma wa zai biya kuɗin tabarau ga ɗalibin da aka gano yana buƙata.